Wa Zai Faɗa Mana Sunayen Mutanen Cikin Hoto?

 

Ina gaishe da mutanen ƙasarmu Damargu, na Tanut da na Belbeji. Ina gaishe da Gangara, Olelewa, Falanko, Tanhiya da Tarka. Manomin da ya dawo daga gona, sannu da aiki. Makiyayin da ke bakin rijiya da rediyo a rataye, sannu da rana. Iyayenmu mata da ke tsakar gida, barkanku da gida.

Sharhinmu na yau ya shafi abu biyu da kowa ya sani, hoto da salula. Ya kuma shafi wani wuri da yawancinmu ba mu taɓa sa ƙafa ba, wato gidan tarihi, inda ake baje tsofaffin hotuna jama'a su kalla.

Magana ɗaya na zo da ita, kuma za ku ji ina ta nanata ta. Tsohon hoto bebe ne. Yana nuna fuska, ba ya faɗin suna. Salular da ke aljihunku tana iya ba shi baki. Amma muryar da za ta yi maganar, ta mutanen Damargu ya kamata ta zama. Masu wannan murya kuwa tsufa suke yi.

To, mu fara da tambayar da na san wani zai yi. Wai akwai ma tsofaffin hotunan Damargu?

Akwai su kuwa. Dalili shi ne ƙasarmu hanya ce tun kaka da kakanni. Ayarin da ya taso daga Kano zuwa Agadas, har Gat da Tarabulus, ta nan yake bi. Nan ake awon geron da ke ciyar da Abzin. Nan fatake ke neman gashin jimina, zamanin da matan Turai ke ado da shi. Duk baƙon da ya gangaro daga hamada, rumbunan Damargu yake fara gani.

A watan Janairun 1851, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a Tagelel da abokan tafiyarsa biyu. A nan suka rabu, kowa ya kama gabansa, shi ya nufi Tasawa da Katsina da Kano. Barth da alƙalami da takarda ya zo. Waɗanda suka biyo bayansa su ne suka zo da kyamara. A 1899 rundunar Faransa ta Foureau da Lamy ta keto hamada daga Aljeriya, ta ratsa Damargu, ta shiga Damagaram a watan Nuwamba. Da bindiga suka zo, da kyamara kuma. A 1920 wani ɗan Birtaniya, Angus Buchanan, ya taso daga Kano yana tara tsuntsaye da namun daji don wani gidan tarihi na ƙasarsu. Ya yi farautar jimina a Damargu, ya buga littafi mai hotuna. A 1922 ya komo, wannan karon da mai ɗaukar majigi. A shekarar ce kuma Francis Rodd ya bi ta nan zuwa Abzin, shi ma littafinsa ya fito da hotuna.

Bayansu sai kwamandojin mulkin mallaka, sai masu bincike, sai ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, sai ƴan jarida duk shekarar da aka yi fari. Kowa ya ɗauka, ya tafi da abinsa.

Ina hotunan yanzu? Wasu suna cikin littattafan Faransanci da Ingilishi. Wasu suna cikin ɗakunan ajiya a Paris da Landan, da birnin Aix inda Faransa ta tara takardun ƙasashen da ta mallaka. Wasu an ɗora su a intanet, duk mai rezo yana iya gani.

Amma ku saurari wannan da kyau. A hotunan wancan zamani, sau da yawa abin da ake rubutawa a ƙasa bai wuce a ce wata mace a bakin rijiya ba, ko wani Ba'abzine, ko ƴan ƙasa a kasuwa. Sunan Baturen da ya ɗauka yana nan. Shekara tana nan. Tsuntsun da aka harbo ma an raɗa masa suna da Latinanci. Mutumin da ya tsaya a rana aka ɗauke shi kuwa, ba suna, ba uba, ba gari. Wannan mutum kakan wani ne. Watakila jikansa yana saurarena yanzu.

Wannan ke nan game da hotunan da baƙi suka ɗauka. Yanzu mu leƙa cikin gidajenmu.

A gidaje da yawa akwai akwatin ƙarfe, ko tsohuwar jakar fata, ko ƙasan katifa. A nan hotunanmu suke. Hoton katin ɗan ƙasa, da mai hoto ya ɗauka bayan ya rataya baƙin ƙyalle a bango. Hoton alhaji ranar da ya sauka daga Makka. Hoton amarya da ƙawayenta. Hoton yaran lakkol a jere, malam a tsaye a gefe. Hoton ɗan ci-rani da ya aiko daga Kano ko Libiya, ya sha riga, ya dafa babur ɗin da ba nasa ba, don iyaye su san yana lafiya.

Waɗannan ma tarihi ne. Ni a ganina sun fi na baƙi daraja ta wani ɓangaren, don mutanen ciki su suka zaɓi yadda za a gan su. Sai dai gara tana ci, zafi yana koɗar da su. Kuma ranar da tsohuwar gidan ta rasu, su ma sun zama bebaye. Jikoki su ɗauko hoto, su juya gaba, su juya baya, su ce, oho, wani ɗan'uwa ne dai.

To, yanzu mu je gidan tarihi.

Ɗan Damargu da ke son ganin gidan tarihi, sai ya shiga mota zuwa Damagaram, inda na jiha yake. In ba haka ba sai Yamai, gidan tarihi na ƙasa mai sunan Boubou Hama, wanda aka buɗe tun 1959. A ce mutum ya kai. Ya tsaya gaban hoto. A gefe akwai ƴar takarda da bayani, galibi da Faransanci. Ya dubi hoton, ya dubi takardar, ya wuce.

Wani zai ce ai abu mai sauƙi ne, a rubuta da Hausa, tunda a 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Na yarda, a rubuta. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mutum nawa ne a ƙauyukanmu ke karanta boko, ko da na Hausa? Wani ajami ya sani. Wata tifinar ta iya. Da yawa kuwa kunne ne karatunsu. Kuma Damargu ba harshe ɗaya ba ce. Akwai Hausa, akwai Tamajak, akwai Barbarci, akwai Fulatanci, akwai Larabci. Ƴar takarda ɗaya ba za ta ɗauki wannan duka ba. Salula za ta ɗauka.

Bari mu ɗan leƙa waje, mu ga yadda wasu suka yi.

Ku da ke jina ta rediyo, wannan zai ba ku sha'awa. Tun a 1952, wani gidan tarihi a birnin Amsterdam na ƙasar Holan ya fara ba baƙinsa ƴar na'ura su kara a kunne. Rediyo ce ƙarama. Mutum yana tafiya, murya tana yi masa bayanin abin da yake kallo. Daga nan abin ya bazu a duniya. Yau salula ta gaje aikin. A gidajen tarihi na Turai da Amurka za ku ga wani ɗan zane mai kusurwa huɗu, baƙi da fari, manne kusa da hoto. Mutum ya haska shi da waya, sai bayani ya buɗe. Wani gidan tarihi a unguwar Brooklyn ta birnin New York ma ya ƙara gaba a 2015. Baƙo ya ɗauki hoton abin da ya ɗaure masa kai, ya aika tambaya ta waya, ma'aikaci ya amsa masa nan take.

Dabara ce mai kyau, a wurinsu. Amma wannan ɗan zane yana son babbar waya. Yana son rezo mai ƙarfi. Yana son a sayi mega. A kawo shi Tarka ko Tanhiya a manna a bango, a ce an kawo ci gaba, to an yi asarar kuɗi. Masu manyan wayoyi ƙalilan za su haska, su yi hoton kansu, su tafi. Tsohuwar da ta san mutanen cikin hoton tana waje, ba wanda ya kira ta.

Saboda haka kada mu kwaikwayi abin da ba namu ba. Mu duba abin da ke hannunmu.

Ku shiga kowace kasuwa a Damargu, ku nemi rumfar mai caji. Za ku gan shi da faifan sola a kan rufi, ko ɗan janareta yana kuka a baya. Gabansa katako ne cike da wayoyi, kowace da ƴar lamba manne, igiyoyi sun sarƙe. Kusa da shi, ko ma shi ɗin ne, akwai mai tura abubuwa a memori. Ka ba shi ƴan kuɗi, ya zuba maka wa'azi, ya zuba waƙa, ya zuba fim ɗin Kano. Ka koma ruga, ka tura wa ɗan'uwanka ta Bluetooth, shi ma ya tura wa wani. Ba rezo, ba mega. Kafin sati, abin da aka zuba a Tanut ya kai bakin rijiyar da mota ba ta zuwa.

Wannan hanya ba wasa ba ce. Ta haka waƙoƙin Mdou Moctar suka yawata Sahara daga waya zuwa waya, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinto su cikin memorin mutane, ya fitar da faifai a 2011. Yau mawaƙin yana zagaya duniya. Haka kuma, a wajen 2009, an gwada koyar da manya karatu da taimakon salula a ƙauyukan jihohin Doso da Damagaram. Binciken da Jenny Aker da abokan aikinta suka yi ya nuna waɗanda aka haɗa musu da waya sun fi riƙe karatun. Ke nan ƴar ƙaramar waya mai maɓalli ba abin rainawa ba ce.

Kuma kafin salula ma, ƙasar nan ta san wannan aiki. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo a Nijar. Mutanen gari su taru su saurari shiri. In an gama, mai kula da kulob ya kunna rakoda, ya ɗauki ra'ayinsu, a aika Yamai, a sa a iska. Dattawan da ke jina za su tuna. Ashe rediyo ta taɓa zama mai saurare, ba mai magana kaɗai ba. Abin da nake so salula ta yi wa hoto ke nan.

To, yaya abin zai kasance a zahiri? Ku biyo ni a hankali.

A ce an samo hotuna talatin. Wasu daga littattafan baƙi, wasu daga akwatunan gidajenmu. An wanke su manya-manya. An rataya su a ajin lakkol lokacin hutu, ko a farfajiyar magajin gari, ko ƙarƙashin rumfa ranar kasuwa. Kowane hoto da lambarsa, babba, wadda ake hangowa daga nesa. Lamba kowa ya san ta, don kowa yana buga waya.

A bakin ƙofa akwai matasa biyu, namiji da mace. Suna tambayar mai shiga, wane harshe kake so? Sai su tura masa muryoyi cikin wayarsa. Murya ta ɗaya ta hoto na ɗaya ce. Ta bakwai ta na bakwai. Wanda bai da waya, a ara masa, ko ya bi ayarin da ke da ƴar lasifika. Kowace murya gajera ce, minti ɗaya ko biyu. Kada a cika mutane da surutu, ido ma yana son nasa rabon.

Wannan rabin aikin ne. Rabi na biyu shi ne wanda ya fi damuna.

Ga hoto na bakwai. Rijiya ce, da mata uku, da sa yana jan wasaki, da raƙuma a baya. Wanda ya ɗauka bai rubuta komai ba sai shekara. Wata gyatuma ta matso. Idonta ya yi rauni, sai jikarta ta ɗauki hoton da waya, ta buɗa shi da yatsu biyu, fuskar ta cika gilashin. Gyatuma ta yi shiru. Sai ta ce, wannan kitson na mutanen wuri kaza ne, yanzu an daina yinsa. Wannan zanen fuska kuwa na gidan su wane ne. Wani dattijo ya leƙo, ya dubi alamar wutar da ke wuyan raƙumi, ya ce na dangi kaza ne. Wani ya dubi tudun da ke bayan rijiyar, ya kira sunanta, ya faɗi gaba nawa ne zurfinta, da wanda ya gina ta. Gardama ta kaure. Wannan ya ce ita ce, wancan ya ce ba ita ba ce.

A daidai nan, yarinyar da ke riƙe da waya ta danna wurin ɗaukar murya.

Masu saurare, wannan dannawa ita ce dukan sharhina. Abin da aka faɗa cikin minti biyar ɗin nan, babu shi a Paris, babu shi a Landan. Farfesa bai san shi ba. Gobe in an kai hotunan zuwa Belbeji, murya ta bakwai ta ƙaru. Mutanen can za su ji abin da na Tanut suka ce, su gyara, su ƙara. Hoto ya samu baki.

Kada ku ce mafarki nake yi. An yi irinsa. A ƙasar Kanada, ma'ajiyar tarihi ta gwamnati tana da dubban hotunan mutanen Inuwit, mazauna can arewa cikin ƙanƙara. Su ma an ɗauke su ba suna. Daga 2002 aka soma wani shiri. Matasan Inuwit suka zuba hotunan a kwamfuta, suka koma garuruwansu, suka zauna gaban tsofaffi. Wannan wane ne? Tsoho ya duba, ya ce mahaifiyata ce. Ta haka aka gano sunayen mutane masu ɗimbin yawa, aka mayar cikin kundin gwamnati. Su da kwamfuta suka fara. Mu ga waya a kowane gari.

To, amma fa akwai inda za a yi taka-tsantsan. Bari in faɗe su, kada a ce na ɓoye.

Na farko, mutunci. Ba kowane hoto ake ratayawa a kasuwa ba. Mun ga fari a ƙasar nan. Kakanninmu sun ba da labarin yunwar Kakalaba. Iyayenmu sun ga na 1973, sun ga yunwar El-Buhari a 1984. Mu kanmu mun ga 2005. A waccan shekara wani ɗan jarida, Finbarr O'Reilly, ya ɗauki hoton wata uwa da hannun ɗanta a kan leɓenta, a wurin ciyar da yara a Tawa. Hoton ya ci babbar kyautar hotunan jarida ta duniya. Shi dai ya rubuta sunan uwar da na ɗan, a yaba masa. Amma ku yi tunani. Yaran da aka ɗauka a irin waɗannan wurare a Tanut, waɗanda Allah ya raya, yau magidanta ne da matan aure. Wa zai so a rataya hotonsa yana ƙashi da rai, a gaban surukansa? Irin wannan hoto, sai an nemi mai shi ko danginsa. In sun ce a'a, magana ta ƙare.

Haka hoton matan aure. Haka wanda akidarsa ba ta yarda da hoto ba. Malamai sun yi saɓani a kan wannan, kuma ba a rediyo za mu raba gardamar ba. Wanda ya ƙi, a girmama shi. Yana iya ba da muryarsa ba tare da fuskarsa ba.

Na biyu, tsohon miki. Damargu ta ga hare-hare, ta ga bauta, ta ga rikicin sarauta da na rijiya. Hoto ɗaya yana iya tono abin da aka binne. Wani ya nuna mutum a hoto ya ce, ai wannan bawan kakana ne, alhali jikan mutumin yana tsaye a wurin. Wani ya ɗauki hoton rijiya ya ce ga shaida, tamu ce. Don haka ba duk abin da aka ɗauka ake turawa cikin wayoyin jama'a ba. A samu ƴan dattawa, maza da mata, daga kowane ɓangare, su saurara tukuna. Abin da zai haddasa fitina a adana shi, kada a goge, kada kuma a watsa. In an yi saɓani kan suna, a ajiye maganar kowa da sunan wanda ya faɗa. Tsufa ba ya hana mantuwa.

Na uku, ƙarya. Yau na'ura tana ƙera hoton abin da bai taɓa faruwa ba. Kuna ganin irinsu a WhatsApp da Facebook. A ɗauko hoton wata ƙasa a ce Tanut ce a zamanin da. Maganin wannan shi ne kowane hoto a faɗi inda ya fito. Daga littafi kaza, ko daga akwatin gidan wane. Wanda ba a san asalinsa ba, a faɗa a fili.

Sai kuma wani abu da ake yawan mantawa. A ƙauyukanmu waya ta fi yawa a hannun maza. Sanin dangi kuwa, wa ya auri wa, wa ya haifi wa, ya fi yawa a bakin mata. In aka yi sakaci, maza za su cika wurin, su yi ta labarin yaƙi da sarauta, sunayen kuwa su tafi da tsofaffin mata. A ware wa mata ranarsu. Wadda ba ta fita, a kai mata hotunan har ɗaki cikin waya. Ai amfanin salula ke nan, tana shiga inda allon bango ba ya shiga.

To, wa zai ɗauki wannan aiki?

Ba ya son gini. Ba ya son jiran wata ƙungiya daga waje. Ofishin magajin gari yana da farfajiya. Daraktan lakkol yana da aji da almajirai. Sarakunanmu na gargajiya su ke da ikon kiran dattawa, kuma fadarsu ma akwai hotuna. Gidajen rediyon jama'a suna da makirfo da masu jin harsuna. Samarin fada, ku da kuke kwana kuna shan shayi kuna latsa waya, ga aikin da ya dace da ku. Ku kuka iya na'urar, kakanninku suka san labarin.

Jami'ar Damagaram tana ɗauke da sunan André Salifou, masanin da ya rubuta tarihin Damagaram da na tawayen Kawusan. Ɗalibanta na tarihi, ƴan asalin Damargu, su ne ya kamata su nemo hotunan da ke waje, su rubuta wa masu ajiyar su, su ce a ba mu kwafi. Ba alfarma ba ce, fuskokin iyayenmu ne. Su ma masu ajiyar riba za su ci, don za a mayar musu da sunayen da ba su da su. Matatar mai ta SORAZ tana cikin ƙasar Olelewa tun 2011, kamfanonin waya kuma suna da eriya a garuruwanmu. Kuɗin wanke hoto talatin ba zai gagare su ba, in an je an tambaya.

Abu ɗaya kada a yi wasa da shi, wato ajiya. Waya tana faɗawa rijiya. Memori yana ƙonewa. Duk muryar da aka ɗauka a yi mata kwafi, ɗaya a gari, ɗaya a gidan rediyo, ɗaya a jami'a ko a Yamai, inda cibiyar CELHTO ke tattara tarihin baka tun 1968. Kuma kowane mai magana ya fara da faɗin sunansa da garinsa, ya ce ya yarda a ɗauka.

Na dawo kan maganata ta farko. Tsohon hoto bebe ne. Salula tana iya ba shi baki. Amma salula ba ta san kowa ba, tsofaffinmu ne suka sani. Hoton da ke Paris zai iya jira shekara hamsin. Gyatumar da ke ɗakinku ba za ta jira ba.

Don haka ga roƙona gare ku, masu saurare. Kada ku jira a buɗe gidan tarihi a Tanut ko Belbeji. Cikin satin nan ku buɗe akwatin nan. Ku fito da hotunan a hankali, da busasshen hannu. Ku ɗauke su da waya a inuwa, kada walƙiya ta haske fuskar. Kada ku yi rubutu da biro a kansu, kada ku kai a narka musu leda, tana lalata su. In za ku rubuta, da fensir a baya.

Sannan ku je wurin wanda ya fi kowa shekaru a gidan. Ku gaishe shi, ku zauna ƙasa, ku nemi izini, ku kunna wurin ɗaukar murya. Baba, wane ne wannan? Inna, a ina aka ɗauka? Zamanin wane sarki ne, kafin wane fari ko bayansa? Daga nan ina ya tafi? Kada ku katse su. In sun kauce sun shiga wani labari, ku bar su, sau da yawa can ne abin yake.

In kun gama, ku tura wa ɗan'uwa ɗaya ya ajiye muku kwafi. Wanda kuma ya yarda jama'a su ji, ya kawo gidan rediyo mafi kusa da shi.

 Allah ya ja kwanan iyayenmu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.